Daga Pony zuwa Kasuwar Duniya: Tarihin Fitar da Motoci a Koriya ta Kudu

Sana'ar mota a Koriya ta Kudu ta fara ne da harhaɗa kayan wasu. Kamfanin motoci na Hyundai, wanda Chung Ju-yung ya kafa a 1967, sassan Ford Cortina yake shigowa da su, ya ɗaura a birnin Ulsan. Riba kaɗan ce ke zama a gida, tunda inji da zane duk na masu su ne.

A shekarun 1970 gwamnatin Park Chung-hee ta matsa wa kamfanoni lamba su ƙera mota tasu ta kansu. Haka aka samu motar Pony ta Hyundai a ƙarshen 1975. Giorgetto Giugiaro na Italiya ne ya zana ta, injinta na Mitsubishi, aka kuma ɗauko George Turnbull daga Ingila ya tsara masana'antar. Sai dai 'yan ƙasar ba su da ƙarfin sayen abin da babbar masana'anta za ta fitar, dole a nemi kasuwa a waje. A 1976 aka tura 'yan ƙalilan zuwa Ekwado. A 1986 kuwa motar Excel ta Hyundai ta shiga Amurka a kan dala 4,995, aka sayar da sama da 160,000 a shekarar farko.

Amfanin bai tsaya ga dalar da ke shigowa ba. Mota guda tana cin ƙarfe da taya da gilashi da batir da waya, don haka ciniki ya buɗe wa kamfanin ƙarfe na POSCO da ƙananan masana'antu masu tarin yawa. Ulsan, garin masunta a da, ya zama cikin biranen da suka fi arziki a ƙasar. Ma'aikata ma ba a kyauta suka samu rabonsu ba; sai da suka yi babban yajin aikin 1987 kafin albashi ya tashi sosai.

Araha kuma ba ta rufe aibi. Excel ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa, masu saye suka ja baya. Rikicin kuɗi na 1997 ya durƙusar da kamfanin motoci na Kia, Hyundai ya saye shi a 1998, kamfanin motocin Daewoo kuma ya koma hannun General Motors a 2002. Don dawo da amana, Hyundai ya ba Amurkawa garantin inji na shekara 10 ko mil 100,000, alkawarin da ya tilasta masa gyara aikinsa tun daga tushe. Wannan horon na kasuwar waje shi ne babbar ribar da ƙasar ta ci. A 2023 darajar motocin da ta fitar ta haura dala biliyan 70.