Kano: Unguwannin da baƙi ba su cika leƙawa ba

Akasarin masu yawon buɗe ido da ke zuwa Kano wurare huɗu ko biyar suke gani: dutsen Dala, fadar Sarki, Gidan Makama, kasuwar Kurmi da kuma marinar Ƙofar Mata. Sai dai kuma babban ɓangare na tarihin birnin yana cikin lungunan unguwanninsa ne, inda mota ba ta iya shiga.

Kano gari ne da baƙi suka taimaka wajen gina shi, kuma sunayen unguwanni da dama suna nuna inda mazaunansu na farko suka fito, ko kuma sana'ar da suka riƙe.

Unguwannin malamai

Madabo, wadda ba ta da nisa da gindin Dala, tana cikin cibiyoyin ilmin addinin Musulunci mafi daɗewa a birnin. Ana danganta ta da Wangarawa, malamai kuma fatake daga ƙasar Mali.

Littafin Tarihin Kano ya ce sun iso ne a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ko da yake wasu masana na ganin zuwan nasu ya faru ne daga baya, a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Daga nan ne aka samo sarautar Babban Malami na Madabo.

Ita kuwa unguwar Sharifai ana alaƙanta ta da Shehu Muhammad al-Maghili, malamin nan na Tilimsan da ke ƙasar Aljeriya ta yanzu, wanda ya zo Kano a ƙarshen ƙarni na 15, ya kuma rubuta wa Rumfa littafi a kan wajiban sarakuna.

Kusa da fadar Sarki akwai Kabara, wadda ta ɗauko sunanta daga wani gari da ke daf da Tambutu. Nan ce cibiyar ɗariƙar Ƙadiriyya da Shehu Nasiru Kabara ya jagoranta har zuwa rasuwarsa a 1996.

Zangon fatake

A kewayen kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Rumfa, baƙin 'yan kasuwa suka yi masauki. Sunan Dandalin Turawa kan rikita baƙo, domin Turawan da ake nufi Larabawan arewacin Afirka ne, musamman mutanen Gadamas da Tarabulus, tun kafin a fara kiran mutanen Turai da wannan suna.

Sunan Alfindiki kuma daga kalmar Larabci aka samo shi, wadda ke nufin masaukin baƙi. Akwai Zangon Barebari na mutanen Borno, da Agadasawa, da Tudun Nufawa, da kuma Ayagi, inda Yarabawa suka zauna tun kafin mulkin mallaka.

Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a yankin Dala a 1851, ya kuma ƙiyasta cewa mazauna birnin sun kai kimanin dubu 30 a lokacin.

Cinikin goro ma ya bar sawunsa. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano su yi yamma, wasu su bi ta Jega a jihar Kebbi ta yau, wadda kasuwarta ta yi suna ƙwarai, sannan su ƙetare kogin Kwara su nufi Salaga a ƙasar Gwanja.

Daga cikin zuriyar waɗannan fatake ne Alhassan Ɗantata ya fito. Ya kafa gidansa a yankin Koki, ya shahara a cinikin gyaɗa, ya kuma rasu a 1955. A yanzu babbar kasuwar goro tana Mariri, a kan hanyar Maiduguri.

Masu sana'ar hannu

Wanda ya ga marinar Ƙofar Mata kaɗai bai gama ganin sana'o'in Kano ba. Lokon Maƙera ta samo sunanta daga maƙera, Dukawa daga masu aikin fata, Soron Ɗinki kuma daga maɗinka.

A irin waɗannan unguwanni zaure shi ne wurin aiki, kuma yara kan koyi sana'a daga iyayensu. Amma kayan masana'antu da ake shigowa da su daga waje sun rage wa masu sana'ar ciniki, lamarin da ya sa matasa da yawa suka koma wasu hanyoyin neman abinci.

Bayan ganuwa

Fagge, wadda ke wajen ganuwa, ta kasance masaukin ayarin raƙuma daga hamada. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, layin dogo kuma ya iso a 1911, sai 'yan kasuwa daga Lebanon da Siriya suka kafa kantuna a yankin. Daga nan Kantin Kwari ya taso, har ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin atamfa da yadi a Afirka ta Yamma.

An keɓe Sabon Gari a wajejen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudancin Najeriya da sauran ƙasashen yankin. Majami'u da gidajen abincinta na nuna wata fuskar Kano ta daban.

A Nasarawa kuwa akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Kano a 1909.

Abin da ke ɓacewa

Babbar barazana ga waɗannan unguwanni ita ce rushewar tsofaffin gine-gine. Ana maye gurbin sorayen ƙasa masu zanko da azara da gidajen siminti, kuma an cinye sassa da dama na ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa tun wajejen ƙarni na 12.

A 2007 Najeriya ta sanya ganuwar cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Amma gidajen da ke cikin lungu mallakar iyalai ne, don haka makomarsu tana hannun magada.

Yadda ake zagayawa

Tun bayan da aka hana acaɓa a Kano a 2013, A Daidaita Sahu ne ke kai mutum bakin unguwa, sauran tafiyar kuwa da ƙafa ce. Lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi daɗin yawo.

Unguwannin gidajen jama'a ne, don haka al'ada ta tanadi baƙo ya tafi da ɗan gari, ya gaida dattawa, ya tsaya a zaure sai an yi masa iso, ya kuma nemi izini kafin ya ɗauki hoto. Galibi a wajen dattawan da ke zaune a ƙofar gida ake jin labarin yadda unguwa ta samo sunanta.