Kumburin jijiyoyin ƙafa: Alamominsa da hanyoyin magance shi

Kumburin jijiyoyin ƙafa lalura ce da kan sa jijiyoyin jini da ke kusa da fata su buɗe, su murɗe, su fito ɓaro-ɓaro kamar igiya, galibi a sha-raɓa da cikin cinya.

Tushen matsalar yana cikin jijiyar kanta. Jinin da zuciya ta tura zuwa ƙafafu tilas ne ya hau sama ya koma gare ta. Tsokar sha-raɓa ce ke tunkuɗa shi a duk takun da mutum ya yi, sannan a cikin jijiyoyin akwai wasu 'yan marufai da kan buɗe jini ya wuce, su rufe don kada ya dawo. Idan marufan suka yi rauni, sai jini ya riƙa komowa ƙasa yana taruwa, jijiyar kuma ta kumbura.

Gado da yawan shekaru da juna biyu da ƙiba da daɗewa a tsaye duk suna ƙara haɗarin kamuwa. An fi danganta lalurar da mata, to amma wani bincike da aka yi a birnin Edinburgh na Scotland, aka kuma wallafa a 1999, ya same ta a jikin kashi 40 cikin ɗari na mazan da aka duba, da kashi 32 na mata.

Mutane da dama ba sa jin komai in ban da munin gani. Wasu kuwa kan ji ƙafa ta yi nauyi da tsami, da ƙaiƙayi, da kumburin idon sawu da yamma, da ɗaurewar tsoka cikin dare. Ciwon kan lafa idan aka ɗaga ƙafa.

Sai dai girman jijiyar ba shi ne ma'aunin tsananin cutar ba. Abin lura shi ne fatar da ke kewaye da idon sawu. Idan ta soma duhu fiye da sauran jiki, ta bushe, ta yi tauri, to jinin da ke taruwa ya fara yi mata illa, kuma daga nan ne gyambo mai wuyar warkewa kan ɓullo. A jikin baƙar fata wannan sauyin launi kan daɗe ba a ankara da shi ba. Miki a ƙafa da ya kai mako biyu bai warke ba na bukatar ganin likita. Kumburin ƙafa guda farat ɗaya tare da zafi kuwa na iya zama alamar daskarewar jini a jijiyar da ke can ciki, wanda ke bukatar asibiti nan take. Idan jijiyar ta fashe, a kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar, a danne wurin sosai, a garzaya da shi asibiti.

Likita kan duba majinyaci yana tsaye, sa'annan a yi hoton jijiyoyin da na'urar da ke aiki da sauti, wadda ke nuna inda jini ke komawa baya.

Tafiya a ƙafa, rage ƙiba da ɗaga ƙafafu lokacin hutawa suna sauƙaƙa ciwon. Safa mai matse ƙafa ma tana taimakawa, amma ba ta gyara marufan da suka lalace, kuma ba a sa ta sai an tabbatar jini na isa ƙafar yadda ya kamata, musamman ga masu ciwon sukari.

A da, tiyatar zare jijiyar ce babban magani. A 2013 hukumar NICE ta Birtaniya ta ba da shawarar a fara da toshe jijiyar daga ciki da zafin leza ko makamancinsa, in hakan bai yiwu ba a yi allurar kumfa da ke liƙe ta, tiyata kuma ta zo daga ƙarshe. Jinin kan koma bi ta jijiyoyin da ke can ciki, ko da yake kumburin na iya sake fitowa bayan wasu shekaru. Masu juna biyu akan jinkirta musu aikin, domin sau da yawa jijiyoyin kan saɓe bayan haihuwa.