Lasifika da Doka a Birnin Kano: Waiwaye a Kan Tarihin Ƙayyade Amo a Wuraren Ibada

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Yakasai, ko wata unguwa irinta a cikin ganuwar Kano, ya san yadda asuba take shigowa. Kafin ladanin masallacin ƙofar gida ya kai ƙarshen kiran assalatu, na lungun baya ya ɗauka, na bakin titi ya karɓa, har muryoyin su sarƙe da juna. Mutanen birni ba su ƙi wannan ba, don kuwa da shi aka haife su. Inda magana take shi ne abin da ake ƙarawa a kan kiran: wa'azi da karatu da zikiri da majalisin dare, waɗanda ake saki ta bakin lasifika a unguwar da bango ɗaya ne ya raba masallaci da ɗakin mai jego ko na majinyaci.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin yadda hukumomi suka ɗauki wannan al'amari a Kano. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tun daga zamanin En'e, dokokinmu sun fi kula da bakin mai magana, watau wane ne shi, me kuma zai faɗa, suka bar kunnen maƙwabci ba mai tsaya masa. Ya kamata a lura tun da wuri cewa coci-cocin Kano suna waje ne, a Sabon Gari da makamantanta. Saboda haka a cikin birni zancen lasifika zance ne tsakanin Musulmi da ɗan'uwansa Musulmi.

2.0 Kafin Zuwan Lasifika

A Kano ta dā, amo mai ƙarfi yana da masu shi. Ba a kaɗa tambari sai don Sarki. Kakaki kuwa, kamar yadda littafin Tarihin Kano ya nuna, Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne ya fara amfani da shi, ya kuma zama alamar sarauta. Haka nan mai shela ba ya zagaya gari sai da umarni. Watau ke nan, jiyar da gari duka magana wani yanki ne na mulki.

Kiran salla shi kaɗai ne amon da kowace unguwa take da ikon ɗagawa sau biyar a yini, amma shi ma yana da linzami, watau maƙogwaron ɗan'adam. Ladan yakan hau matakala ko wani tudu ya yi kira, inda muryarsa ta tsaya kuwa, galibi nan ne iyakar jama'ar masallacin. Fiƙihun Malikiyya ma ya yi awo da wannan, don littafin Risala ya wajabta Juma'a ga mazaunin gari da wanda yake mil uku ko ƙasa da haka daga gare shi, malamai kuma suka ce wannan ita ce tazarar da kira mai ƙarfi yake kaiwa idan gari ya yi shiru.

Daɗin daɗawa, malaman wannan mazhaba ba su ɗauki ibada a matsayin izinin cutar da maƙwabci ba. An ruwaito daga Sahnun, mai Mudawwana, wanda ya rasu a shekarar 854, cewa a hana ladan hawa hasumiyar da take leƙa gidajen mutane. A cikin Muwaɗɗa kuma akwai hadisin da ya hana masu salla ɗaga murya da karatu a kan junansu. To, ga asali nan tun da daɗewa. Sai dai ba a buƙaci a mai da shi dokar ƙara ba, tun da muryar mutum ba ta da ƙarfin da za ta hana unguwa barci.

3.0 Zamanin En'e: 1944 zuwa 1967

Abin lura shi ne, hukuma ce ta fara ɗaga lasifika a Kano. A shekarar 1944 aka kafa rediyo mai waya, aka girke amsa-kuwwa a wuraren taruwar jama'a, kamar kusa da fada da laburare da gidan waya, don a riƙa jin labarai da sanarwar gwamnati. A wancan lokaci naurar ba ta daɗe da shiga masallatan duniya ba, don a shekarar 1936 aka sa ta a Masallacin Sultan na Singafo, wanda ake lissafa shi cikin na farko-farko. A Kano kuwa, sabon ginin babban masallaci, mai hasumiya biyu, an gama shi a 1951 a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma shi kaɗai ne masallacin Juma'a a birnin. Muddin minbari ɗaya ne, yana kuma ƙarƙashin Sarki, ba a da wata fargaba game da abin da za a faɗa a kansa.

Fargabar ta zo ne ta hanyar siyasa. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, laccar siyasa ta zama ruwan dare, En'e kuma ta riƙe ikon ba da izinin taro ko hana shi. 'Yan NEPU, ciki har da manyansu irin su Alhaji Tanko Yakasai, sun sha kamu da ɗauri a waɗannan shekaru. Ba ƙarfin amo ne ya dami En'e ba. Abin da ya dame ta shi ne talaka ya sami abin da zai jiyar da gari maganarsa, alhali kuwa dā wannan haƙƙin fada ne.

Haka aka yi wa wa'azi. A shekarar 1962 alƙali ya ɗaure Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, saboda wa'azinsa na zage-zage, sa'an nan Sarki Muhammadu Sanusi ya kore shi zuwa Kamaru. A nan ma laifin na lafazi ne. Gaskiya ne kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya haramta aikata abin da zai dami jama'a, amma a dunƙule ya yi maganar, bai ajiye wani ma'auni na ƙara ba.

4.0 Yawaitar Minbari: 1967 zuwa 1984

Abubuwa uku suka haɗu a waɗannan shekaru. Na farko, ikon sarakuna ya ragu. Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 an karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya ƙarasa sauran. Mai unguwa, wanda dā maganarsa ta isa ta tsai da kiɗa ko hayaniya, ya koma mai roƙo da lallashi.

Na biyu, kuɗin mai sun sa kayan lantarki sun yi araha. Makirfo da lasifika da kaset, waɗanda dā sai hukuma, suka zama abin da attajirin unguwa zai saya wa masallacin ƙofar gidansa don neman lada.

Na uku kuwa, saɓanin malamai ya fito fili. Tafsirin Shehu Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna, da martanin malaman ɗariƙa irin su Shehu Nasiru Kabara, da kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, duk sun sa kowane ɓangare ya nemi nasa masallaci da nasa minbari. Masallatan Juma'a suka fara yawaita. A irin wannan hali lasifika ta tashi daga kiran jama'ar masallaci, ta koma hanyar jiyar da wanda ya ƙi zuwa. Wanda yake ganin maƙwabcinsa yana kan ɓata, ai da gangan zai juya bakin lasifika ya fuskanci gidansa. Tsarin mulki na 1979 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa da yaɗa shi.

Ana cikin haka sai rikicin Maitatsine ya ɓarke a ranar 18 ga Disamba, 1980, a filin Shahuci, wanda ba shi da nisa da Yakasai, inda mabiyansa suka taru don wa'azi. Kafin sojoji su murƙushe sansaninsa na 'Yan Awaki, an rasa rayuka fiye da 4,000. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Aniagolu. A Oktoban 1982 kuma aka yi tarzomar Fagge, wadda ta tashi a kan ginin coci kusa da masallaci. Sakamakon irin waɗannan fitinu, gwamnatocin soja a jihohi da dama na Arewa suka kafa dokokin wa'azi, wadda aka fi sani a cikinsu ita ce ta Jihar Kaduna ta 1984. Ginshiƙin waɗannan dokoki shi ne tantance mai wa'azi da ba shi lasin. Inda suka taɓo lasifika da kaset, sun taɓo su ne a matsayin makamin tunzura jama'a. Malamin da ya sami lasin, bai kuma zagi kowa ba, ya fita daga hannunsu ko da ya hana unguwa runtsawa.

5.0 Ƙara a Matsayin Gurɓata Muhalli

Tunanin cewa ƙara ita kanta cuta ce ya shigo ta wata ƙofa dabam. A 1988, bayan badaƙalar dattin guba da aka jibge a Koko, aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 2007 hukumar NESREA ta gaje ta, a 2009 kuma aka fito da ƙa'idojin ƙasa na ƙayyade ƙara. Waɗannan ƙa'idoji suna awo da desibel, sun kuma raba yini da dare, inda dare ya fara daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe. A nan doka ta tsaya a gefen mai ji. Amma duk mutumin Kano zai ga inda gizo yake saƙa: sallar asuba tana cikin abin da ƙa'idar ta kira dare, haka ma tahajjudin goman ƙarshe na azumi. Dokar da ba ta san agogon jama'arta ba, da wuya wani jami'i ya ɗauke ta ya shiga lungu da ita.

Jihohi biyu sun gwada aiki a wannan fage. A Ikko, hukumar muhalli ta jihar ta rufe coci 70 da masallatai 20 a Yunin 2016 saboda ƙara. A Kaduna kuwa, a wannan shekara Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya kai wa majalisa ƙudurin sabunta dokar 1984, wanda ya ƙunshi hana amfani da lasifika don harkar addini a bainar jama'a bayan ƙarfe 8 na dare. Da yake an haɗa wannan da zancen lasin, sai shugabannin addini, musamman na Kirista, suka yi masa ca, magana ta kai kotu, majalisa kuma ba ta zartar da shi ba sai a 2019. Darasin a fili yake: idan aka ɗaura zancen ƙara a jikin zancen izinin wa'azi, mutane za su ɗauka bakinsu ake son rufewa, su ƙi duka biyun.

A Kano, bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001 da Hukumar Hisba a 2003. Hankalin waɗannan ya fi karkata ga kiɗa da waƙa da tarukan biki, watau dai ga abin da ake faɗa da wanda yake faɗarsa, kamar yadda En'e ta yi a nata zamani.

6.0 Abin da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Don kada a zaci wannan magana ta maƙiya addini ce, yana da kyau a duba ƙasashen Musulmi. A Mayun 2021 ma'aikatar harkokin addini ta Saudiyya ta ba da umarni cewa lasifikar waje ta tsaya ga kiran salla da iƙama, kada kuma ƙarfinta ya wuce sulusi, ta kuwa kafa hujja da hana cutarwa. A 2022 ma'aikatar addini ta Indunusiya ta fito da tata takardar, wadda ta bambanta lasifikar ciki da ta waje, ta kuma sa iyakar desibel 100. Dukansu biyu ba su hana kiran salla ba. Abin da suka yi shi ne raba shi da sauran abubuwan da ake fitarwa waje.

7.0 Kammalawa

An ga yadda amo mai ƙarfi ya tashi daga hannun sarauta ya koma hannun En'e, sa'an nan ya watsu a hannun kowa. An kuma ga cewa a duk lokacin da hukuma ta motsa, tsoron fitina ne ya motsa ta. Tsoho mai hawan jini da ɗalibi mai shirin jarrabawa da ɗan ƙwadagon da zai yi sammako ba sa tada tarzoma, shi ya sa ba a yi doka dominsu ba. Su kansu ba sa iya kai ƙara, don a unguwa irin Yakasai limamin nan malaminka ne ko surukinka, kuma wanda ya ce a rage lasifika yana tsoron a ce ya ƙi jin sunan Allah.

A ganina, mafita tana cikin abin da muka riga muka gada. Ya kamata Majalisar Masarauta da shugabannin ɗariƙu da na Izala su zauna su fito da matsaya ɗaya, wadda za ta bar kiran salla a lasifikar waje, ta mai da salla da karatu da wa'azin dare zuwa ta ciki, ta kuma yi tanadi na musamman ga Juma'a da azumi da Mauludi. Idan umarnin ya fito daga malamai, mai unguwa zai sami abin riƙewa a hannu, maƙwabci kuma zai iya magana ba tare da an yi masa kallon mai raunin imani ba. Bayan haka ne dokar jiha za ta iya biyo baya ta ƙarfafa abin da jama'a suka riga suka yarda da shi.

Akwai sauran aiki ga masu bincike, musamman a kan takardun En'e ta Kano da bayanan tsofaffin ladanai, waɗanda suka yi kira da maƙogwaro kafin su yi da makirfo. Allah ya sa mu dace.