Fasali a kan ruwa biyu na ƙasar Illo da shekarun fari

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, ka sani, ya kai almajiri, ya kai falke, Illo tsohon gari ne na Bargu, ɗan'uwan Busa da Nikki, kusa da kogin Kwara. Ta nan ayarin goro da na gishirin Foga suke bi tun kafin Nasara. A 1898 Ingila da Faransa suka yi yarjejeniya, Illo ta faɗa rabon Ingila, Gaya ta faɗa rabon Faransa. Daga baya aka sa Illo ƙarƙashin Gwandu, yau tana cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi.

Ƙasar nan ruwa biyu ke rayar da ita. Na farko ruwan damina, wanda ke shayar da gero da dawa a tudu, ya kuma cika kogi wajen Satumba. Na biyu baƙin ruwa, wanda ya sauka a duwatsun ƙasar Gini, ya daɗe yana kwance cikin fadamun Masina a Mali, ya wuce Tambutu da Gawo da Yamai, ba ya isowa sai cikin hunturu. Saboda haka idan sama ta hana, sau da yawa kogi yakan bayar.

To, dubi tarihin fari. A 1913 damina ta gaza, yunwar da Hausawa suka kira Kakalaba ta biyo a 1914, mutane masu yawa suka mutu a kan hanya. A 1931 fara ta cinye gonakin Zabarmawa, suka gangaro kudu neman abinci. Yunwar 1954 kuwa Zabarmawa suka kira ta shekarar gari, domin garin rogo da fatake suka kawo daga kudu shi ya riƙe rayuka. Farin 1972 zuwa 1974 ya kashe shanu daga Senegal har Habasha.

Amma mafi girman izina shi ne farin 1984. A wannan shekara ruwan nan biyu suka gaza tare, har a watan Yuni na 1985 Kwara ta daina gudu a Yamai. A kan haka kuma Nijeriya ta rufe iyakokinta daga 1984 zuwa 1986, hatsi ya yi wuyar ƙetarawa, mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. A irin wannan rana mai kuɗi da kogi da kasuwa duk sun zama ɗaya, sai mai rumbu kaɗai ya bambanta.

Daga shekarun 1990 ruwan sama ya dawo, amma da wani hali. Masana yanayi sun tabbatar zafi ya ƙaru, ruwa kuma yana zuba da yawa a lokaci ɗaya, sannan ya ɗauke shuka tana tsakiyar girma. A 2012 da 2020 ambaliya ta cinye shinkafar fadamun Kebbi, har da ƙasar Bagudo. Baƙin ruwa ma yanzu yana bi ta hannun mutane: akwai madatsar Markala da ta Selinge a Mali, an kuma aza harsashin ta Kandaji a Nijar a 2008. Ƙasashe tara ke da haƙƙi a kogin nan, hukumarsu tana Yamai tun 1980.

A 2015 aka ƙaddamar da bashin noman shinkafa a Birnin Kebbi, noman rani da injin ban ruwa ya bunƙasa, kuɗi suka shigo. Wannan alheri ne. Abin tsoro shi ne manomi ya bar gero domin shinkafa, ya sayar da ita duka ranar girbi, ya bar rumbu ba kome. Da aka janye tallafin fetur a 2023, da yawa sun ga cewa ruwan inji ma da kuɗi ake shansa.

Saboda haka, ya kai manomi, raba ƙarfinka tsakanin tudu da fadama, ka shuka iri mai saurin nuna, ka bar gawo da sauran itatuwa su tsaya cikin gona, kada ka buɗe sabon rumbu tsoho bai ƙare ba. Ya kai almajiri, ka karanta ƙissar Annabi Yusufu, ka san tanadi ba ya warware tawakkali. Ya kai falke, ka tuna waɗanda suka kawo gari a 1954. Ajiyar hatsi domin iyali hankali ne, ɓoye shi domin jiran tsada a ranar yunwa zalunci ne, kuma za a tambaye ka kowane mudu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fari da ambaliya. Amin. Tamat.