Tarihin Zuba wa Mai Amfani da Manhaja Ido

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Amurka samfurin B-17 sun riƙa zubewa da ciki bayan sun sauka lafiya, ana ta ɗora wa matuƙa laifin sakaci. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya leƙa wurin tuƙin, sai ya tarar maɓallin naɗe tayoyi da na fiffike kamar an tsaga kara, ga su kuma dab da juna. Gajiyayyen matuƙi ya kai hannu ga wannan, ya ja wancan. Aka maƙala wa ɗaya 'yar taya ta roba, aka yi wa ɗayan siffar fiffike, yatsu suka riƙa rarrabewa ba sai an duba ba.

Daga irin wannan aiki ne masu ƙera manhaja suka gaji al'adar: kafin a zargi mutum, a zauna a kalle shi yana aiki.

Kamfanin Apple ya ga amfaninta sa'ad da yake shirya kwamfutar Lisa, wadda ta fito a 1983. Larry Tesler da abokan aikinsa sukan zaunar da wanda bai taɓa ganin na'urar ba, su ba shi aiki, su ja bakinsu su yi shiru. Shirun nan shi ne mai wuya, don wanda ya ƙera abu ba ya jure ganin ana fama da shi. Sai suka lura wasu na gudun wani maɓalli mai ɗauke da rubutun "Do It", wato aikata. Da aka tambayi wani, ashe "Dolt" yake karantawa, ma'ana dolo, har ransa ya ɓaci cewa kwamfuta na zaginsa. Aka sauya rubutun zuwa "OK".

A 1982 Clayton Lewis na kamfanin IBM ya rubuta yadda za a sa mai gwaji ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana cikin aiki. A 1986 John Brooke ya tsara tambayoyi 10 da ake ba mutum bayan ya gama.

Jakob Nielsen ne ya karya farashin sana'ar. Bisa lissafin da suka yi da Thomas Landauer a 1993, ya ce mutum biyar sun isa su tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsaloli. Ƙananan kamfanoni sun ji daɗin wannan magana, amma a 2001 Jared Spool ya gwada manyan shafukan sayayya na intanet, ya ga biyar ɗin ko rabin matsalolin ba su gano ba.