Daga Ƙofar Fada Zuwa Bariki: Tarihin Sana'ar Busa a Ƙasar Hausa

Tun kafin Turawa su zo da begila, ƙasar Hausa tana da mabusanta waɗanda busa ce sana'arsu, ita ce kuma gadonsu. Littafin Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa ya shigo da su, shi da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wannan doguwar abar busa ta ƙarfe 'yar uwa ce ga nafir ta Larabawa, wadda har yau ake busawa a Maroko lokacin azumi. Ta ratso Sahara ta hanyoyin fatake, ta zauna a fadojin Hausa, ta gangara har Nupe da ƙasar Yarabawa.

Kakaki ba ta kowa ba ce. Ba a busa wa attajiri komai dukiyarsa, sarki ake busa wa. Ana jin ta a daren Juma'a a ƙofar fada, da ranar hawan salla, da ranar naɗin sarauta, tare da algaita da farai da tambura. Tsawonta kan haura mita 2, ana harhaɗa ta ne gaɓa-gaɓa. A da da tagulla ake ƙera ta, daga baya maƙera suka koma ga kwano. Ba ta da huji ko maɓalli, muryoyinta biyu ne kacal a mafi yawan busa, amma da su gwani ke fitar da taken sarki har mai sauraro ya gane kirarin.

A nan ne aikin koyarwa yake. Sarkin Kakaki mabushi ne, malami ne kuma. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya yana bin mahaifinsa fada, yana haddace take da sunayen sarakunan da suka shuɗe, kafin a bar shi ya sa baki. Sai leɓe ya yi ƙwari, numfashi ya yi tsawo, sannan a ce ya iya.

Da sojojin Turawa ƙarƙashin Lugga suka ci Kano da Sakkwato a 1903, wata sabuwar busa ta shigo ta bariki. Badujalar soja da ta 'yan sanda ta zo da kayan tagulla masu maɓalli, ciki har da tuba, babban ƙaho mai kaurin murya, wanda Jamusawa biyu, Wieprecht da Moritz, suka yi wa rajista a Balin a 1835. Wannan busa a rubuce ake koyon ta, da albashi da muƙami. A 1961 Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen nazarin kiɗa, mabushi ya sami hanyar zama malamin jami'a.

Mabushin fada bai sami wannan gata ba. Masu bincike David Ames da Anthony King sun tattara bayanan kiɗan Hausa a littafinsu na 1971, amma taken kansa yana ƙirjin dattawa ne. Duk gidan da ɗa ya ƙi gado, taken sarakuna da dama ya tafi ke nan. Ya kamata masarautu, daga Kano da Zazzau har Birnin Gwari, su haɗa kai da jami'o'in Arewa, a naɗi muryar waɗannan dattawa, a ba su aji da ɗalibai da albashi tun suna da ƙarfin busawa.