Kwarin Rima: Daga Fagen Yaƙi Zuwa Dandalin Baƙi

Kogin Rima, wanda mutanen yankin suka fi sani da Gulbin Kabi, yakan haɗu da Kogin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sannan ya gangara kudu maso yamma ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi kafin ya faɗa Kwara, kuma a wannan tafiya tasa ne yake shimfiɗa fadama mai faɗin gaske, wato ƙasa mai kwari wadda ambaliya ke rufewa da damina, ta bar mata laka da tafkuna idan rani ya shigo. Matafiyin da ya bi hanyar da ta haɗa garuruwan biyu, wadda ba ta wuce kimanin kilomita 50 ba, zai ga gonakin shinkafa kore shar a tsakiyar rani, da garken shanu a bakin mashaya, da masunta a cikin kwalekwale, alhali tudun da ke gefe ya bushe ƙarau. Wannan kwari shi ne a yau ake tallatawa a matsayin wurin yawon buɗe ido mafi shahara a Jihar Kebbi, sai dai al'adar zuwa kallonsa sabuwa ce ƙwarai idan aka gwada ta da tarihin wurin, domin shekara ɗari da ɗoriya da suka wuce babu baƙon da ke ratsa shi face da rakiya ko da fargaba.

Tushen labarin shi ne daular Kabi, wadda Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga mulkin Askiya Muhammadu na Songai a wajejen 1516. Kanta ya gina babban birninsa a Surame, wanda kufansa ke cikin Jihar Sakkwato ta yanzu, kuma ganuwarsa ta duwatsu da har yau ake iya bin sawunta tana cikin manyan ayyukan gini da ƙasar Hausa ta gada, shi ya sa aka sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964. Ƙarfin Kabi ya dogara ne ga ruwa, saboda gulbin ya ba ta abinci da hanyar sufuri da kariya a lokaci guda, kuma dawakin maƙiya da suka saba da fili ba sa iya kutsawa cikin fadama idan ta cika. A farkon ƙarni na 18 sarakunan Kabi suka mayar da mazauninsu Birnin Kebbi, a kan tudun da ke kallon kwarin, inda suka zauna har zuwa 1805, shekarar da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. A cikin wannan shekarar ne kuma aka gwabza yaƙin Alwasa, wani gari tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, inda haɗin gwiwar Gobirawa da Abzinawa da Kabawa ya yi wa masu jihadi mummunar ɓarna kafin su farfaɗo a Gwandu.

Daga nan kwarin ya rabu gida biyu, kuma rabuwar ta ɗauki kusan ƙarni guda. Gwandu ta zama hedikwatar yammacin daular Usmaniyya, su kuwa Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka tattaru a Argungu ƙarƙashin Sama'ila Karari, wanda aka kashe a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame, wanda ya yi shekaru a tsare a fadar Sakkwato, ya sake ɗaga tutar tawaye a 1849, kuma tun daga lokacin Argungu ta tsaya da ƙafarta ana ta gwabzawa, in ban da lokacin ɗan sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wato zaman lafiyar da aka ƙulla a zamanin Sarki Abdullahi Toga. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853 ya kuma sami littafin Tarihin Sudan a can, ya bi ta Birnin Kebbi a hanyarsa ta zuwa Tambutu, ya tarar da tsohon birnin ya zama kufai, jama'a sun takure a wani ɗan yanki, hanyoyi kuma babu aminci saboda yaƙin Kabawa. Sai bayan zuwan Turawan Ingila a farkon ƙarni na 20 aka ajiye makamai, aka amince da Argungu a matsayin masarauta mai cin gashin kanta, aka kuma mayar da fadar Sarkin Gwandu Birnin Kebbi, amma ajiye makamai bai goge abin da ke cikin zukata ba.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, kuma ita ce ake ɗauka a matsayin mafarin bikin kamun kifi na Argungu. Mai masaukin ya zaɓi ya karrama baƙonsa da abin da Kabawa suka fi kowa ƙwarewa a kai, sai ya tara masunta suka yi gagarumin su a gabansa. Muhimmancin wannan zaɓi ya wuce nishaɗi, domin mutanen da aka yi shekaru ana kai wa hari sun nuna wa jikan Shehun da ya kafa daular Usmaniyya ƙwarewarsu a cikin ruwan da ya kare su, ba tare da ƙasƙantar da kai ba kuma ba tare da tsokana ba. Ke nan bikin tun asalinsa karɓar baƙo ne, kuma wannan ne ya sa ya karɓi 'yan kallo cikin sauƙi daga baya, saɓanin wasu al'adu da akan gurɓata idan aka fito da su bainar jama'a.

Sai dai su ɗin da aka nuna wa Sarkin Musulmi ba a ranar aka ƙirƙire shi ba. Tun kafin nan Kabawa suna da tsarin kula da ruwa wanda Sarkin Ruwa ke jagoranta, wato mai sarautar da ke da alhakin tabbatar da cewa gulbi ya amince kafin a shiga, da kuma hana su a wasu wurare na tsawon watanni domin kifi ya hayayyafa ya girma. Akwai gyaran ruwa, wato hidimar da ake yi don neman kariya daga kada da sauran abubuwan cutarwa na cikin ruwa, akwai kuma fashin ruwa, wato buɗe su bayan an ɗage hani, inda jama'ar garuruwa ke faɗawa tafki ɗaya a rana ɗaya. Wannan hani shi ne ginshiƙin bikin baki ɗaya, ko da yake ba shi ne 'yan kallo ke gani ba: Matan Fada, wato yankin gulbin da ake yin gasar, yana cika da manyan kifaye ne kawai saboda an hana taɓa shi a sauran shekara, kuma da a ce an bar kowa ya jefa birgi da taru a cikinsa yadda ya ga dama, da babu giwan ruwan da za a ɗora a ma'auni.

A ranar gasar, wadda kan faɗo a watan Fabrairu ko Maris lokacin da ruwa ya ja baya, dubban masunta kan yi sahu nesa da gaɓa, kowa riƙe da homa da gora. Homa koma ce ta hannu da aka ɗaure a jikin lanƙwasassun sanduna, ana riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, a buɗe su a cikin ruwa sannan a haɗe bakinsu idan kifi ya shiga. Gora kuwa ƙaton duma ne mai ƙaramin baki, wanda masunci ke kifa cikinsa a kai ya yi iyo, yana kuma zuba ƙananan kifayen da ya kama a ciki. Da an harba bindiga sai a ruga a guje, ƙura ta tashi, ruwan ya koma laka cikin 'yan mintuna, makaɗa kuma suna zagayawa cikin jirage suna zuga gwanaye da kirarinsu. Cikin kimanin sa'a guda ake kammalawa, kuma kifin da ke cin gasa kusan kullum giwan ruwa ne, wanda sai mutum biyu ko uku sun taru kafin su fito da shi tudu. Na 2005 ya kai kilo 75, na 2020 kuma kilo 78. Gefe guda akwai kabanci, wato wasannin ruwa na Kabawa, da suka haɗa da tseren kwalekwale da ninƙaya da nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa, ga kuma kokawa da dambe da baje kolin amfanin gona a tudu. Dukan wasannin ruwan nan ƙwarewar neman abinci ce da yaro ke koya tun yana bin mahaifinsa gulbi, kuma wannan ne ya bambanta su da wasannin da ake shirya wa baƙi don kallo kawai.

Shigar gwamnati ta faɗaɗa bikin. A 1970 Janar Yakubu Gowon da shugaban Nijar Diori Hamani suka halarta, daga baya kuma aka gina masaukin baƙi da rumfunan kallo a bakin ruwa, sannan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 da hedikwata a Birnin Kebbi ya mayar da bikin abin alfaharin jiha. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Duk da haka tarihin shekarun baya-bayan nan bai tafi sumul ba, domin an yi kimanin shekara 10 ba a gudanar da shi ba kafin a dawo da shi a Maris na 2020, kuma dalilan sun haɗa da taɓarɓarewar tsaro da ƙarancin ruwa. Madatsun Bakolori da Goronyo, da aka gina a sama domin noman rani, sun sauya yanayin ambaliyar da kifi ke bi ya hayayyafa a fadama, yashi yana cike gulbin, injinan ban ruwa na manoman shinkafa kuma sun ƙaru sosai tun bayan da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015. Ba laifi ba ne a noma shinkafa, don ita ke ciyar da kwarin, amma ruwan guda ne, kuma rabonsa yana buƙatar irin tsarin da Sarkin Ruwa ya daɗe yana yi a ƙaramin mataki.

Akwai kuma wata asara da shaharar bikin ta jawo, wato kwanaki huɗu na shagali sun rufe sauran abubuwan da kwarin ya mallaka. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda ya kasance fadar sarakuna har 1942 kafin a buɗe shi ga jama'a a 1958, yana ɗauke da masu da takubba da sulke da tambura da kayan su, ga kuma kaburburan sarakunan Kabi a cikin harabarsa. Hubbaren Abdullahi ɗan Fodiyo yana Gwandu, fagen Alwasa yana kan hanya, ganuwar Surame kuma tana can daji ya kusa cinye ta. Wanda ya ga waɗannan wurare kafin ya tsaya a bakin Matan Fada shi ne zai fahimci dalilin da ya sa zuwan Sarkin Musulmi a 1934 ya zama abin tunawa. Ya kamata gwamnatin jiha da masarautun Argungu da Gwandu su haɗa kai su yashe gulbin, su tsare dokar hana su, su gyara hanyoyin zuwa wuraren tarihi tare da horar da masu yi wa baƙi bayani, su kuma riƙa kai ɗaliban makarantun jihar can a kowane zangon karatu.